Koyon Yanke Numfashi

Da na ajiye aiki na dawo Dutsin-Ma, akwati biyu na zo da su, ɗaya na tufafi ɗaya na basun. Na tufafin babu wanda ya tambaya. Na basun ɗin kuwa sai da mai unguwa ya aiko a ji ko mene ne a ciki, saboda wani mai dogon wuya ya hango ni ina harhaɗa shi a zaure, ya je ya ba da labarin cewa tsohon Saje ya dawo da bindigar harbo jirgi. Ban taɓa harbin ko kurciya ba. Ɗan badujala ne ni, duk zamana a bariki busa na yi. Na ɗauki abin na kai ƙofar gidan mai unguwa, na harhaɗa shi a gabansa, na busa masa. Ya saurara har na gama, ya ce to, ya ji, wannan ba ya kisa, amma a riƙa la'akari da masu jego.

Basun abin busa ne na Turawa, na itace, in ka tsayar da shi a ƙasa yana kai wa mutum ƙirji. Yana da maɓallai birjik da wani siririn bututun ƙarfe a lanƙwashe, a bakin bututun ake soka ɗan kara mai leɓe biyu, irin na algaita. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, kamar ta dattijon da ke magana a cikin zaure kai kana waje. A badujala ba a cika jin sa ba. Sai ranar da mai busa shi ya yi fashi ne kowa yake cewa yau kiɗan ya yi holoƙo, ba su san dalili ba.

Wannan ɗan karan ne ya haɗa ni da shi. Gidanmu a Kurfi gidan algaita ne tun kakanni, kuma a gidanmu abin kunya ɗaya ne: a ji numfashin mai busa. Mai algaita ba ya tsayawa ya sha iska. Yana cika kumatu, kumatun su ci gaba da tura iska cikin algaita, shi kuma ya saci sabuwa ta hanci, muryar ba ta yanke ba. Mahaifinmu da ƙwaryar ruwa ya koya mana, ni da yayana. Ya ba kowa sillen kara ya ce a hura, kumfa ta riƙa tashi, shi kuma ya zauna yana gyaran takalminsa. Ba ya ko kallonmu. Kumfa na tsayawa za ka ji ranƙwashi a tsakar ka. Kafin in yi wayo ƙirjina ya koyi abin, har ya zama ban san ina yi ba. Da na shiga aikin ɗamara aka ji daga gidan da na fito, sai aka miƙo mini basun, da ma kowa gudunsa yake yi. Na riƙe shi har na yi ritaya, kuma na taho da wani tsohon basun da aka yi gwanjonsa, na gyara abina.

Ina zaune lafiya, sai wata rana waya ta shigo daga barikin da na baro. Mace ce, kofur, 'yar wani mai ganga da muka yi aiki tare, Allah ya ji ƙansa. Ta ce tun da na tafi basun ɗin bariki yana jingine, sai bana aka miƙa mata shi, da littafin darasin farko, babu malami. Sabon shugaban badujala kuma ya ce bayan Babbar Salla zai gwada ta. In ta iya darussan farko, ta ci gaba. In ba ta iya ba, a mayar da ita gadin ƙofa, basun kuma a kulle shi a sito, don shi bai ga amfanin ciyar da kujerar da ba a jin ta ba. Ta ce ita ba ta iya karatun alamomin littafin sosai ba tukuna, amma kunnenta yana kamawa. Ko zan taimaka in busa darussan in ɗauka a waya in aika mata?

Na ji haushi, kuma na ji tsoro. Haushin na shugaban ne, wanda ban taɓa gani ba amma na riga na san irin tafiyarsa. Tsoron kuwa na siton ne. Na san siton nan. Abin da ya shiga ba ya fitowa sai gara ta gama da shi, kuma in basun ya shiga, duk shekarun da na yi a kujerar nan sun zama kamar ba a yi ba. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, wannan ai aikin hantsi ɗaya ne.

Ba hantsi ɗaya ba ne. A gida na fara gwadawa. Ina danna waya injin niƙan maƙwabta zai tashi. In ya mutu, ɗan acaɓa ya wuce da ƙaho. In ya wuce, maiɗakina ta ɗora taɓarya. Na roƙe ta ta dakata, ta ce shekara da shekaru tana sauraron abin nan babu wanda ya taɓa neman izininta, ba yau za ta fara yi masa shiru ba, kuma tuwon da zan ci ne take dakawa. Na saurari abin da na ɗauka, turmi ya fi ni fitowa.

Wani Alhaji abokina mai sayar da hatsi ne ya fitar da ni. Yana da sito a bayan kasuwa, cike da buhunan wake daga Karofi har kusa da rufi. Ya ce in zo da hantsi in ba ranar kasuwa ba. Na shiga na tafa hannu, sautin ya mutu nan take, buhuna sun shanye. Ban taɓa samun ɗakin busa kamarsa ba, har a bariki. Na jingina waya a kan mudu, na jiƙa ɗan karana a kofin shayi, na zauna a kan buhu. Alhaji ya zauna a bakin ƙofa da carbinsa yana korar masu sallama.

Darasin farko ba komai ba ne. Murya ɗaya ce ka riƙe ta, doguwa, kada ta yi rawa. Sai ta gaba. Sai hawa da sauka a hankali kamar mai ciwon gwiwa a matakala, sai 'yan gajerun waƙoƙi na yara. Ni da na busa a gaban manya, ga ni a kan buhun wake ina aji ɗaya. Na yi su dai, kuma na yi su da kyau, ba yabon kai ba. Kowane darasi na zare shi tun daga farko har ƙarshe sumul. Na aika mata, na haɗa da umarni irin na bariki: ki yi yadda na yi, kada ki ƙara, kada ki rage.

Kwana biyu shiru. A na uku ta kira ni daga asibitin bariki, muryarta a sanyaye. Ta ce ta faɗo daga kujera ana tsakiyar darasi na biyu, ta fasa goshi, amma ta tare basun ɗin da jikinta, bai taɓa ƙasa ba. An auna jininta lafiya lau. Likita ya tambaya ko azumi take yi. Na fara faɗa, na ce yaran yanzu ba ku da ƙirji, shayi da burodi sun gama da ku. Ta bari har na sauke, sannan ta ce:

"Baba, don Allah ku yi haƙuri. A ina kuke numfashi? Na saurara, na sake saurara, ban ji wurin ba."

Na kashe waya na kunna abin da na aika mata. Tun daga murya ta farko har ta ƙarshe babu ƙofa, babu taga. Ni na ce kada ta ƙara kada ta rage, ita kuma kofur ce, an ba ta oda. Ta bi ni har iskarta ta ƙare, ta ci gaba da bi.

Na yi tunanin in koya mata irin tamu, ta ƙwarya da sille. Amma wannan abu ne da ake shuka shi tun ƙuruciya, ga Salla ta matso. Ban da haka, da na buɗe tsohon littafina irin nata na duba da idon basira, sai na ga waƙoƙin nan da wurin hutu aka gina su, kamar magana. Mai littafin ya san mutum zai busa su. Ni ne na yi shekaru ina bi ta kansu a guje, shugabannina suna yaba mini dogon numfashi. Abin da ya rage shi ne in sake ɗauka, in tsaya a duk inda ya kamata mai koyo ya tsaya, in buɗe baki in ja iska da ƙarfi yadda waya za ta kama.

Faɗar ta fi yin sauƙi. Ina isa wurin tsayawa, kafin in tuna, kumatuna sun cika, hancina ya riga ya yi satarsa, na wuce. In sake, in sake wucewa. Na ce Alhaji ya riƙa buga buhu in an zo wurin, ya buga ko'ina ban da wurin. Daga ƙarshe na samo auduga na toshe hancina biyu, don in hanya ta rufe dole baki ya buɗe. Dabarar ta yi aiki. Sai dai Alhaji ya leƙo ya gan ni a kishingiɗe jikin buhu, cikin farar riga, da auduga a hanci. Ya yi salati a hankali, ya ce Saje, wannan ba a sitona ba, ka bari sai lokacinta ya yi, mu da kanmu za mu sa maka. Na cire. Amma kafin nan ƙirjina ya fara gane abin da ake nema a wurinsa.

Ranar da na fara jin numfashina a waya, kunya ta kama ni kamar an yaye mini zane a kasuwa. Wani jan iska ne mai ƙara, irin na wanda ya taso daga gudu. Na kusa gogewa. Na aika dai. Da yamma Kofur ta maido mini da nata: muryar tana rawa, ta ƙasan ba ta fita sosai, amma ta kai ƙarshen darasi tana zaune a kujerarta. Daga nan muka kama hanya. In ɗauka da hantsi, ta maido da yamma, in kira ta in yi faɗa. Ta sassauta leɓe, ta daina cizon kara, ta bar ɗaga kafaɗa in za ta ja iska. Buhunan Alhaji suna raguwa, sito ya fara amsa-kuwwa, na riƙa matsawa lungu ina bin waken da ya rage.

Ana saura 'yan makonni Salla, Alhaji ya ba ni sito ranar kasuwa saboda lokaci ya ƙure. A ranar ne yayana ya shigo gari daga Kurfi sayen rago. Shi ne babban gidanmu yanzu, shi ke riƙe da algaitar gidan mai gari, kuma duk wani babban biki ni ne na biyunsa. Ko ina bariki nakan nemi izini in zo, ya miƙo mini algaitar mahaifinmu, mu tsaya kafaɗa da kafaɗa. Ya je gida aka ce ina sito. Ban ji zuwansa ba. Na gama darasi na ɗaga kai, na gan shi tsaye a bakin ƙofa da igiyar rago a hannu, ragon ma ya yi shiru.

Muka gaisa. Ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Tun yaushe cutar ƙirjin nan ta kama ka?"

Na ce babu abin da ya kama ni, Yaya. Na zayyana masa komai, Kofur da goshinta da shugabanta da sito. Na ce da gangan nake yi. Ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da ake yi wa majinyaci.

"Baba ma da ta hwara kama shi, cewa ya yi da gangan shike yi."

Raina ya ɓaci. Na ɗauki basun na zare masa waƙa guda ba tsayawa, har ragon ya gaji ya kwanta. Ya saurara, ya ce to, alhamdu lillahi, da saura. Amma ya ce in ji da kyau: ƙirji bai san wasa ba, abin da ka saba masa da shi shi zai riƙe. Bayan Salla da kwana kaɗan akwai auren ɗan mai gari, algaita biyu ake so. In bar wannan abin haka nan har a gama biki, in koma ƙwarya da sille ko na 'yan kwanaki ne. Na ce gwajin yarinyar nan a makon bikin yake, kuma darussa mafi wuya su ne suka rage. Ya ce ɗiyar wani ce, kayan busar wasu ne. Na ce na sani. Ya ja ragonsa ya tafi. Washegari ɗan acaɓa ya kawo mini kwalbar zuma da ƙullin sassaƙe daga Kurfi, wai a sha da safe kafin a ci komai.

Ban bari ba. Na yi tunanin abin da aka dasa da ranƙwashi ba zai tumɓuke da 'yan makonni a sito ba. Kuma gaskiya, ko da na yarda da maganar Yaya, ban ga yadda zan kira yarinyar nan in ce ta ƙarasa ita kaɗai ba. Darussan ƙarshe suna da dogayen jimloli, wurin hutun a ɓoye yake, in ba a nuna maka ba sai ka faɗa rami. Na yi ta maimaita su har tsayawar ta daina yi mini nauyi. Wata rana ma na kama kaina ina jin daɗinta. In ka saki murya ka ja iska, waƙar takan dawo da wani sabon ƙarfi. Na sha zumar Yaya, don zuma ce mai kyau. Darasi na ƙarshe na aika shi ana gobe biki.

A Kurfi an cika maƙil a ƙofar gidan mai gari. Yaya ya ciro algaitar mahaifinmu daga jakarta ya miƙo mini. Muka tsaya, mai ganga a bayanmu. Da farko komai ya tafi daidai, kumatuna suna aikinsu, har na fara shirya abin da zan gaya wa Yaya in an tashi. Sai mai gari ya fito, muka ɗauki takensa. Taken yana da wani wuri da yake gangarowa ya kwanta kafin ya sake tashi. Ina busa shi tun ina yaro ban taɓa lura da wurin ba. Ranar nan muna isa, bakina ya buɗe da kansa, na ja iska, cikakkiya, mai tsabta, irin wadda nake so Kofur ta koya.

Bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Algaitar Yaya ba ta yanke ba, ta rufe ramin. A cikin taron ban ga wanda ya lura ba, mata suna ta guɗa. Mai ganga ne kawai ya ɗan karkato kai. Yaya bai dube ni ba, kuma rashin duban ya fi mini ciwo. Muka ƙarasa biki ban sake ba, amma ina yi ina tsaron kaina kamar mai tafiya da cikakkiyar ƙwarya.

Da aka tashi muka koma zaure. Na zare karan, na goge algaita da gefen rigata. Da can nakan mayar da ita jaka da kaina in rataye. Yaya ya miƙo hannu, na ba shi. Ya saka ta a jaka, ya ɗaure bakin, ya shiga da ita cikin gida. Da ya fito ya tambaye ni ko zumar ta ƙare.

Bayan kwana uku Kofur ta kira. Tana dariya tana kuka, da ƙyar na tsinci maganar. Shugaban ya zaunar da ita ya sa ta busa daga farko, ya tsayar da ita a tsakiya ya ce ya isa, ta je ta karɓi littafi na biyu. Ba a kai basun sito ba. Na yi murna ƙwarai, murnar da na daɗe ban yi irinta ba. Na ce mata kada ta ɗauka ta iya, muryarta ta ƙasa har yanzu kamar ta ɗan akuya take. Ta ce to Baba, yaushe za mu fara na biyun? Na ce ta bari Alhaji ya yi sabon sari.

Da kaka aka yi wani bikin a gidan mai gari. Katin gayyata aka aiko mini, abin da ba a taɓa yi ba, don mai busa ba a gayyatarsa, kiransa ake yi. Na sa babbar riga na tafi. Aka ba ni wuri a tabarma cikin dattawa, aka kawo mini ruwa. A gefen Yaya wani mutum ne daga wani ƙauye, ban san shi ba, da tasa algaitar. Na zauna na kasa kunne ina farautar numfashinsa tun daga take na farko. Na bi shi lungu-lungu, har wurin nan da taken mai gari yake kwantawa. Ban ji komai ba. Mutumin ya iya.

Da aka zo liƙi na tashi na bi layi. Na manna wa baƙon a goshi, na manna wa Yaya. Kumatunsa a cike, ya ɗan sunkuyar da kai ya juyo bakin algaita wajena, yadda ake yi wa duk wanda ya yi kyauta, sannan ya juya ga na bayana.